Digirin Sirkka da Kwalaben Jini

Sirkka Pelkonen ta haura shekara arba'in lokacin da ta sa ƙafa a karatun digiri na uku, kuma ba ita ta nemi abin ba. Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a babban asibitin garinsu, can arewacin Finland, tun tana budurwa take awon jinin mutane. Farfesa Aulis Tervo, shugaban sashen, shi ne ya tsaya a bayanta wata safiya tana aiki, ya jima yana kallon yadda take sarrafa kayan, sannan ya ce, "Wannan hannun naki ya fi ƙarfin ɗura kwalabe a na'ura. Ki same ni a ofis bayan shan kofi."

Da ta je, sai ya shimfiɗa mata matsalar da ta daɗe tana cin ransa. Cikin mutanen da ake yi wa aikin zuciya, akwai waɗanda ƙodarsu kan lalace bayan 'yan kwanaki, kuma kafin awon da aka saba ya nuna, aikin gama ya gama. In da za a sami wata alama a cikin jini da za ta tona asirin ciwon tun da wuri, da an ceci mutane da yawa. Ya ce ita yake so ta nemo alamar.

Ƙa'idar ba ta da wuyar faɗa. Za ta buga maƙala uku a mujallun masana, ta haɗa su littafi guda, ta tsaya a bainar jama'a ta kare shi, sannan a ba ta doguwar baƙar hula da takobi irin na duk wanda ya zama dakta a ƙasarsu. Mijinta Reijo, direban motar share ƙanƙara a titi, takobin kaɗai ya riƙe a cikin bayanin.

"In an ba ki shi, a gareji zai kwana," in ji shi. "Ban yarda mu yi gardama yana rataye a ɗaki ba."

Tun daga ranar ya sa mata suna Dakta. Dakta, ina gishiri? Dakta, kin ga safata?

Ba a sallame ta daga aiki don karatu ba. Da safe ta yi awon marasa lafiya kamar kowa, da yamma ta sauka ɗakin bincike na ƙasa, inda babbar na'urar tantance sinadarai take. Lokacin zafi, da kowa ke rufe gida ya tafi bakin tafki, Reijo ne ke ɗaukar 'yarsu Ilona su tafi su biyu. Ilona ta gama sakandare, ta tafi Tampere karatu, ta zauna can, uwar tana ta cewa baɗi za ta huta su yi doguwar tafiya tare.

Amma wahalar ta yi rana, ko kuwa haka kowa ya ɗauka. A shekara ta uku wani ɗan tsini ya fara bayyana a zanen da na'urar ke fitarwa. Duk wanda ƙodarsa ta lalace, tsinin na nan a jininsa tun kashegarin aiki. Wanda ya warke lafiya kuwa, babu shi. Farfesa da kansa ya sayo kek ya kawo ɗakin shan kofi, ya ce da ma'aikata su kalli matar nan da kyau, domin wata rana za su yi alfaharin sun zauna teburi ɗaya da ita. Maƙala ta farko ta fito, ta biyu ta bi bayanta, sunanta a gaba, nasa a ƙarshe. Har Stockholm aka gayyace ta ta yi jawabi.

Saura ta uku, wadda za ta tabbatar da abin a jikin sababbin marasa lafiya. Tara jinin kaɗai ya ci wajen shekara biyu. A tsakanin nan Farfesa ya yi ritaya, ba don yana so ba. Ya fara manta sunayen mutane, wata rana ya ɓata a hanyar ofishin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki. Aka kawo Dakta Venla Rautio daga kudu ta gaje shi, mace mai hanzari, wadda Sirkka ta girme ta nesa ba kusa ba.

Da Sirkka ta auna sabon jinin, tsini ya ce ɗauke ni inda kika ajiye. Babu shi a jinin masu lafiya, babu shi a jinin waɗanda har wankin ƙoda aka yi musu. Ta wanke na'ura, ta sake haɗa ruwan gwaji, ta kira injiniya ya duba, duk a banza. Dakta Rautio ta ce ta fito da tsohon jinin daga firiza ta sake aunawa, a ga ko na'urar ce ta canja hali.

Ranar da za ta yi haka ta roƙi Outi Karvonen ta taya ta. Outi abokiyar aikinta ce tun shigarsu asibitin, mai baki kamar reza, amma ba ta taɓa ƙin taimako. Suka sa safar hannu masu kauri, suka jawo akwatunan suna hayaƙin sanyi, suka jera kwalaben a kan tebur, na waɗanda ƙodarsu ta lalace a dama, na waɗanda suka warke a hagu. Sirkka ba ta taɓa jera su gaba ɗaya haka ba, kullum kaɗan-kaɗan take ɗiba.

Tana tsaye tana jiran su narke, sai idonta ya tsaya a kan murafan. Dukkansu rawaya ne. Sai dai na dama kusan duk suna da siririn baƙin zobe a sama, na hagu ba su da shi.

"Outi," ta ce, "yaushe sashen kulawa ta musamman suka daina sayen kwalabensu daban?"

"Ai an daɗe. Tun da aka haɗe sayayya wuri ɗaya. Me ya faru?"

Lissafin ya riga ya fara haɗa kansa a kan Sirkka. A wancan lokacin, wanda jikinsa ya yi tsanani bayan aiki a sashen kulawa ta musamman yake zama, a ɗebi jininsa da kwalabensu masu zobe. Wanda ya ji sauƙi kuwa da sassafe ake mai da shi ɗakin jinya na kowa, a ɗebi nasa da kwalbar da aka saba. Yanzu asibitin duka kwalba iri ɗaya yake amfani da ita, marar zobe.

Outi ce ta tono ragowar tsofaffin kwalaben a can ƙuryar sito, lokacinsu ya wuce tuntuni. Sirkka ta naɗe hannun riga ta miƙa mata. Aka ɗebi jininta a kwalba biyu, mai zobe da marar zobe. Kafin sakamako ya fito duhu ya rufe tagogi, ko da yake ƙarfe uku na rana ba ta daɗe da bugawa ba, haka lokacin sanyinsu yake. A kwalba marar zobe babu komai. A mai zobe kuwa ga tsinin nan tsaye, kyakkyawa, irin wanda ta nuna wa mutane a Stockholm.

"To," in ji Outi a hankali, "bisa ga bincikenki dai, jibi ƙodarki za ta tsaya."

Ba wanda ya yi dariya, har ita mai maganar. Abin da Sirkka ta shekara tara tana bi ba daga jikin marasa lafiya ya fito ba. Wani sinadari ne da kwalbar ke saki a cikin jini.

A gida ta tarar Reijo ya dafa miyar kifi da dankali. Ta zauna ba ta ko cire rigar sanyi ba, ta gaya masa komai. Ya saurara yana shafa man shanu a baƙin burodi, ya yi tambaya biyu, ya gane.

"Wa ya sani?"

"Ni da Outi."

"Outi ba za ta faɗa ba. Bakinta a kan ƙananan abubuwa yake zuba." Ya ture kwanon gefe. "Maman Ilona, ki saurare ni. Ba sata kika yi ba, ba ƙarya kika yi ba. Abin da kika gani kika rubuta. Ki rubuta ta ukun, ki ce wannan karon bai fito ba, Allah ne masani. A ba ki hularki. Bayan nan wanda ya ga dama ya je ya tono kwalabe."

"In na rubuta haka yanzu, ƙarya ce."

"Shiru ba ƙarya ba ne."

"A wurinmu ƙarya ne."

Ya yi tsaki, ba da faɗa ba. "Ni na ga abin da karatun nan ya ci. Yarinya ta girma a hannuna kamar marainiya. Yanzu ki ce a tashi a tutar babu saboda murfin kwalba?"

Ta yi abin da ya ce, na ɗan lokaci. Makonni suka shige tana zuwa aiki tana dawowa. In ta sauka ɗakin ƙasa sai ta zauna gaban kwamfuta, ta rubuta jimla ta goge. Outi ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai ta daina tsokanarta, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo.

Dakta Rautio ce ta kawo ƙarshen shirun ba tare da ta sani ba. Ta tare ta a baranda fuska a sake, ta ce albishirinta, wani asibiti a kudu na son fara gwada hanyarta a kan marasa lafiya, su riƙa duba tsinin kafin su yanke wa za a tsananta wa kulawa, wa za a sallama zuwa ɗakin kowa.

"Mu shiga ofis," in ji Sirkka.

Ta ajiye mata zanen jininta guda biyu a kan tebur. Dakta Rautio ta dube su, ta cire tabarau ta murza ido.

"Kin san abin da wannan ke nufi?"

"Na sani."

"Dole a janye maƙalun biyu. In an janye su, babu littafi." Ta yi maganar ba tare da zafi ba. "Zancen kwalbar kansa zai iya zama maƙala, gajeriya. Amma ɗaya ce. Sai kin sake sabon bincike daga tushe, kuma ba a nan ba. Ba a sanar ba tukuna, amma da bazara za a kwashe na'urar da duk aikin bincike a mai da kudu. Nan awon yau da kullum kaɗai zai rage."

Sirkka ta gyaɗa kai. Shekararta hamsin da uku.

"Akwai kuma Farfesa," in ji Dakta Rautio. "Sunansa na kai. Ya kamata ya sani, ya sa hannu in zai iya. Ke ya fi dacewa ki je."

Ta je ranar Asabar da hantsi. Matarsa Kaisu ce ta buɗe ƙofa, 'yar tsohuwa mai tsafta, wadda ta sha ciyar da Sirkka a gidan nan lokacin da suke gyaran maƙala ita da Farfesa. Ta rungume ta, ta ce yau jikin da dama, ya ci abinci, har ya tambayi jarida.

Farfesa na zaune bakin taga, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya gane fuskarta, sunan ne ya ƙi zuwa.

"Yarinyar tsini," ya ce yana murmushi. "An sa ranar kare littafin?"

"Tukuna, Malam."

"Su yi sauri mana. Wa za a kawo ya yi miki tambayoyi? Kada ki yarda da mutumin nan na garin Turku, surutu gare shi."

Ta jawo kujera kusa, ta fara bayani dalla-dalla kamar yadda shi ya koya mata: ga kwalba mai zobe, ga marar zobe, ga abin da ya fito a jininta. Yana gyaɗa kai yana cewa madalla, madalla. Da ta kai ƙarshe ya kama hannunta ya ce wannan sakamako ne mai ƙarfi, ta tura wa babbar mujalla, kada ta raina kanta. Can kuma ya sake tambaya ko an sa ranar.

Kaisu ta ji komai daga bakin ƙofa. Ta yafito ta zuwa kicin, ta zuba mata kofi, ta yanka burodi mai zaƙi, sannan ta zauna ta haɗa hannuwa a kan tebur.

"Shi bai gane ba, amma ni na gane," ta ce. "'Yata, abu ɗaya zan roƙe ki. Ki jira."

"In jira me, Mama?"

"Kin ga yadda yake. Likita ya ce da wuya ya ga wani sanyin. Ya manta sunan jikokinsa, wani lokaci ni ma sai ya ce mini baiwar Allah. Amma aikin nan bai manta ba. Duk wanda ya shigo sai ya ba shi labari. Tsofaffin abokan aikinsa na zuwa gaishe shi, suna girmama shi a kansa. Ki bar shi ya tafi da mutuncinsa. Bayan nan ki yi abin da za ki yi."

"Akwai asibitin da ke shirin amfani da shi a kan mutane."

"Ki kira su a ɓoye ki ce su dakata."

"In na faɗa musu dalili, magana ta fita. In ban faɗa ba, ba za su dakata ba. Kuma ba su kaɗai suka karanta ba."

Kaisu ta dube ta ido cikin ido. "Shi ya ɗauko ki daga bakin na'ura lokacin da ba wanda ya san sunanki."

"Ban manta ba."

"To ki nuna."

Sirkka ta fito kofinta ko rabi ba ta sha ba. Ta zauna a mota ta kunna, ta daɗe ba ta ja ba. Tana hango ƙeyar Farfesa ta taga. Ta auna ta sake aunawa, ba ta ga hanyar da za ta bi ba tare da ta taka wani ba. Ran Litinin ta shaida wa Dakta Rautio cewa Farfesa ba ya cikin halin sa hannu, su tura haka nan.

Mujallun ba su yi gaggawa ba, sai da ƙanƙara ta narke sanarwar janyewa ta fito, 'yan layuka a ƙasan shafi. Jami'a ta kafa kwamiti, aka kira ta aka yi mata tambayoyi, daga bisani aka ce ba a same ta da ha'inci ba, kuskure ne irin wanda ido kan tsallake. Amma gari ƙarami ne. A kantin sayayya ta ji wata na raɗa wa wata cewa ita ce wadda aka kama da bincike na jabu. Wasu kuma a asibiti suka ce ta jira tsoho ya rasa hankali ne sannan ta zubar masa da suna. Ta yi ta kiran Kaisu, ba a ɗauka.

Farfesa ya rasu da kaka, ganye na zuba. Sirkka da Reijo suka je coci suka zauna a layin baya. Fasto ya yi magana a kan haƙurinsa da ɗalibai, wani tsohon likita ya tashi ya lissafo ayyukansa tun na ƙuruciya, ya tsallake na ƙarshe. A bakin kabari, da layin gaisuwa ya iso kanta, ta miƙa wa Kaisu hannu. Tsohuwar ta karɓa, ta ce, "An gode da zuwa," irin yadda ake gaya wa baƙo, ta juya ga na bayanta. Aka sanar cewa akwai kofi da miya a zauren coci. Su biyun suka nufi mota.

Suna kan hanya Reijo ya dube ta.

"Matar nan ta sake kiranki? Rautio?"

"Ta kira. Ta ce in ina so akwai gurbi a kudu. Shekara huɗu ko biyar, in komai ya tafi daidai."

"Me kika ce?"

"Na ce zan yi tunani."

"In za ki je, mu je. Can ma ƙanƙara na sauka, ba za a rasa titin sharewa ba."

Ta san da gaske yake, ta kuma san yadda zai zama in an raba shi da garin da aka binne iyayensa. Ta lissafa shekarunta in ta gama, ta ga saura ƙiris ta yi ritaya, ba wanda zai ba tsohuwa sabon ɗakin bincike. Wani abin da ba ta gaya masa ba shi ne, ko ranar da aka zo kwashe na'urar ba ta ji komai ba. Ta tsaya tana kallon ma'aikata na naɗe ta da roba kamar kayan wasu.

"Ka tsaya a gidan mai," ta ce. "Ban karya ba."

Suka ci burodi da tsiran nama a tsaye, da baƙaƙen kayansu na jana'iza, direbobin manyan motoci na satar kallonsu.

Gajeriyar maƙalar kwalbar ta fito a wata ƙaramar mujalla, shafi biyu. Wani masani daga Norway ya aiko da godiya, ya ce ta hutar da shi wahalar shekaru, domin shi ma ya fara ganin irin tsinin a nasa aikin. Ta karanta ta nuna wa Outi, Outi ta ce to ko ba komai wani ya tsira.

Dakta Rautio ta koma kudu tare da aikin binciken. Ta sake kira sau ɗaya, Sirkka ta ce har yanzu tana tunani, daga nan ba ta ƙara kira ba. Da aka rage ma'aikata a babban asibiti, aka tura Sirkka wani ƙaramin asibitin unguwa a bayan gari, inda ake ɗibar jini da safe a zuba a akwati, mota ta zo ta tafi da shi. Tsofaffin unguwar sun fi son layinta, sun ce allurarta ba ta da zafi. A can ta yi sauran shekarun aikinta.